Basam, garin bakin teku da ƴan uwanmu na Abijan ke zuwa shan iska

 Duk wanda ke da ɗa ko ƙane ko miji a Abijan, da wuya wayarsa ta rasa irin hoton nan: saurayi tsaye cikin rairayi, ya naɗe ƙafar wando, itatuwan kwakwa a gefe, ga ruwa a bayansa har inda ido ya ƙare. Galibi ranar Lahadi ake turo shi, ko kashegarin Sallah. In ka tambaya ina ne nan, sai a ce maka Basam. Tsofaffi su karɓi wayar su duba, su ce to, ashe bidar ma da hutunta.

Cikakken sunan garin Grand-Bassam, yana ƙasar Kwaddibuwa, kimanin kilomita 40 gabas da Abijan. Da yawa daga cikin masu zuwa can bakin ruwa kawai suka sani. Su sauka daga mota, su ci kifi, a ɗauki hoto, su koma. Alhali bayan bukkokin nan na shan iska akwai wani tsohon gari mai manyan benaye, wasu an gyara, wasu itace ya tsiro cikinsu. Nan ne Faransa ta fara kafa fadar gwamnanta a ƙasar, tun Abijan tana ƴan ƙauyukan masunta.

Sai an gane yadda ƙasar wurin take kafin a gane tarihinsa. Tsohon garin yana zaune ne bisa wani siririn tudun rairayi, dogo kamar ɗamara. Ta kudu tekun Atlantika, ta arewa wani tafki mai tsawo da ake kira Uladin, ta gabas kuma nan ne kogin Komowe, wanda ya taso tun daga Burkina Faso, yake zuwa ya haɗu da teku. Wanda ya riƙe wannan wuri ya riƙe ƙofa. Kayan cikin daji su gangaro ta kogi da tafki cikin kwalekwale, kayan jirgin ruwa su shigo ta teku, a haɗu a nan a yi ciniki. Mutanen da Turawa suka iske a yankin su ne Abure, masu garin Mosu da ke can ƙetaren tafki, da kuma Nzima, ƴan kasuwa da masunta waɗanda danginsu ke yammacin Gana. Kwame Nkrumah ma Banzime ne.

A watan Fabrairu na 1842 hafsoshin jirgin ruwan Faransa suka sa hannu kan yarjejeniya da sarkin wurin, wanda Turawa ke kira Peter. Shekara ɗaya bayan haka, a 1843, suka gina ɗan barikin soja da suka sa wa suna Fort Nemours. Abin da suke nema a lokacin manja ne, da zinariya da hauren giwa. Zaman bai yi daɗi ba, ga zazzaɓi ga tawayen mutanen ƙasa, kuma da Jamusawa suka ci Faransa da yaƙi a 1870 zuwa 1871, sai gwamnati ta janye sojojinta daga gaɓar. Wani ɗan kasuwa mai suna Arthur Verdier shi ya zauna ya ci gaba da ɗaga tutar Faransa bisa kantinsa, don kada Ingilishi da ke maƙwabtaka a Gana su shigo su gaje wurin. Wato dai kusan shekara ashirin, mulkin Faransa a nan bai wuce tuta ɗaya da sito ɗaya ba.

Yaron Verdier, Marcel Treich-Laplène, shi ya riƙa kutsawa arewa yana ƙulla takardu da sarakuna. Ya mutu a Basam a 1890 yana da shekara talatin ko ƙasa da haka kaɗan, kuma har yau akwai ginin tunawa da shi a tsohon gari. Sunansa ne aka sa wa unguwar Treichville ta Abijan, unguwar da ƴan Nijar suka sani kamar tafin hannunsu, inda marigayi Umaru Ganda ya yi dako kafin ya shiga harkar fim. Mutane nawa ne ke kwana suna tashi a Treichville ba su san mai sunan a Basam ya cika ba?

Ranar 10 ga Maris 1893 Faransa ta ayyana Kwaddibuwa a matsayin ƙasar da take mulka, ta naɗa Louis-Gustave Binger gwamna na farko, Basam kuma ta zama babban birni. Aka shiga gine-gine. Fadar gwamna a 1893, gidan waya da na kwastan a 1894. Ƙarafa da katakon wasu gidajen ma daga Faransa aka yo jigilarsu a yayyanke, aka zo nan aka harhaɗa. Limaman Katolika sun sauka a 1895.

Sarautar ba ta daɗe ba. A 1899, shekarar da sojojin Bule da Shanuwan suka ratsa ƙasar Hausa suna ƙone garuruwa har suka gwabza da Sarauniya a Lugu, shekarar kuma da Faransawa suka kama Damagaram, ciwon shawara ya faɗa wa Basam. Cikin ƴan makwanni ya kashe kusan uku cikin kowane huɗu na Turawan garin. Kawunan Turawa ne takardun mulkin mallaka suka damu da ƙidayawa, amma annoba ba ta zaɓen fata. A lokacin likitoci ba su tabbatar da cewa sauro ne ke ɗaukar ciwon ba, sai shekara ɗaya ko biyu bayan haka aka tabbatar a tsibirin Kuba. Abin da suka gani kawai shi ne garin na tsakanin ruwa da ruwa, kuma yana cinye su. Sai suka tattara a 1900 suka koma wani tudu mai iska da suka sa wa suna Bingerville. Daga can fadar ta koma Abijan a 1934, daga baya a 1983 aka ba Yamusukuro sunan babban birni.

Mutanen Damagaram sun san irin wannan zafi, tunda su ma a 1926 aka ɗauke musu fadar gwamna aka kai Yamai. Kuma takardar allurar shawara ɗin nan mai ruwan ɗorawa da ake tambayar matafiyi a bakin iyakar Kwaddibuwa har gobe, ciwon da ya kori gwamna daga Basam ne take tsarewa. Wanda zai yi tafiya ya yi allurar da gaske, kada ya sayi takarda a tasha.

Gwamna ya tafi, kuɗi suka zauna

Abin mamaki, bayan tashin gwamna ne garin ya fi yin arziki. Dalili shi ne jiragen ruwa ba su da wata mashiga sai nan. Gaɓar tekun wannan yanki ba ta da lungun da jirgi zai fake, kuma dab da tudu akwai inda igiyar ruwa ke tashi ta karye da ƙarfi, ta kifar da kwalekwale kamar ƙwarya. Manyan jirage sai su tsaya can nesa, a aika musu da jiragen hannu waɗanda ƙarti ƴan ƙabilar Kuru ke tuƙawa, su ne gwanayen ratsa wannan igiya. An yi asarar kaya da rayuka ba kaɗan ba. Don haka aka gina wata doguwar gadar ƙarfe da ta shiga cikin teku kimanin mita 175, ta wuce inda ruwan ke karyewa, aka fara aiki da ita a 1901. A ƙarshenta akwai injin ɗaga kaya. Fasinja ma, babba ne ko yaro, cikin wani babban kwando ake zuba shi, inji ya ɗaga shi sama ya sauke cikin jirgin hannu. Gwamna da matarsa haka suke sauka, suna lilo a iska kamar buhun gero.

Ta wannan gada manja ya fita, da ƙwarar kwakwar manja, da roba, da manyan gungumen katako da ake koro su bisa ruwa tun daga daji. Katakon ya yi suna har a kasuwannin Turai ana kiransa da sunan Basam. Daga baya koko da kofi suka biyo. Manyan kamfanonin Faransa irin su CFAO da SCOA, waɗanda dattawan Maradi da Zinder suka sani tun zamanin awon gyaɗa, duk sun gina kantuna da sito a nan. Kwarori ƴan Siriya da Labanan suka zo, ƴan Senegal suka zo, ƴan Gana da Saliyo suka zo, Julawa suka gangaro daga arewa. An gina kotu a 1911. An gina doguwar hasumiyar fitila mai nuna wa jirage hanya da dare, ta fara haske a 1915. Kada a manta kuma da waɗanda suka sare gungumen suka ja su da igiya: yawancinsu aikin tilas ne, wanda ba a soke shi ba sai 1946, da dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny.

Abijan ce ta kashe wa Basam kasuwa, kuma a hankali ta yi shi. Tun 1904 aka fara shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Abijan zuwa arewa. Sunan hanyar ma Abijan-Nijar, ko da yake ta kai Bobo a 1934, ta kai Wagadugu a 1954, mu kuwa har yanzu muna jiran ƙarar ta. Kayan da a da ke bin kogi suka koma bin dogo. A 1931 aka buɗe wata gadar teku a Port-Bouët, bakin Abijan. Sai babbar guduma ta sauka a 1950, da aka gama haƙa mashigar Vridi wadda ta haɗa teku da tafkin Abijan, manyan jirage suka samu shiga har cikin gari su tsaya cikin ruwa kwantacce. Aka buɗe tashar jiragen Abijan a 1951, a shekarar kuma aka kashe fitilar Basam. Kamfanoni suka rufe ƙofa ɗaya bayan ɗaya. Gidajen suka zama na jemagu.

Gadar mata

Kafin garin ya yi barci, an yi wani abu a cikinsa da ya sa kowane ɗan lakwal a Kwaddibuwa ya san sunansa. Ko bayan tashin gwamna, babbar kotu da gidan kaso suna Basam. Ranar 6 ga Fabrairu 1949 aka yi arangama a Treichville tsakanin magoya bayan jam'iyyar PDCI, reshen RDA na ƙasar, da wata jam'iyya da Turawan mulki ke goya wa baya. RDA ɗin nan ita ce dai uwar PPN ta su Diori Hamani da Bubu Hama a Nijar. Hukuma ta kama shugabannin jam'iyyar su takwas ta kai su kason Basam. Cikinsu akwai marubuci Bernard Dadié, wanda ya rayu har 2019, da Mathieu Ekra, da Jean-Baptiste Mockey, da Séry Koré. Wata goma suna tsare ba a yi musu shari'a ba. Ranar 12 ga Disamba suka daina cin abinci.

Nan mata suka ce abin ya isa. Matan fursunonin da ƴan uwansu da matan kasuwa suka shirya zuwa Basam. Hukuma ta hana direbobi ɗaukarsu, sai suka riƙa fita kaɗan-kaɗan, wasu suka taka da ƙafa, suna bin rairayin bakin teku da cikin gonakin kwakwa, wasu da goyo a baya. Kilomita 40 ne fa, ba nan da rijiya ba. Daga 22 zuwa 24 ga Disamba 1949 ɗaruruwansu suka taru. Da safiyar ranar 24 suka nufi gidan kaso, jandarmomi suka tare su a gadar da ke ƙetare tafki, aka sakar musu ruwan famfon kashe gobara, aka bi su da kulki, aka kama wasu. Cikin waɗanda aka kama har da Marie Koré, matar ɗaya daga cikin fursunonin, wadda ita ce sunanta ya fi fita a wannan tafiya.

Ba a saki mazan a ranar ba. Sai a Maris 1950 aka yi shari'ar, aka ɗaure wasu, aka sallami wasu. Duk da haka gadar, wadda aka gina da ƙarfe a 1928, yau sunanta Gadar Nasara. Wani zai ce ina nasarar? A ganinmu sunan bai yi ƙarya ba. Mulkin da ya kai ga dukan mata masu goyo a bainar jama'a ya riga ya ji kunya, kuma shekara goma sha ɗaya bayan nan ya naɗe tabarmarsa. Duk mai shiga tsohon gari ta kan wannan gada yake bi, amma akasarin masu zuwa shan iska suna wucewa ne kansu na cikin waya. A cikin gari akwai mutum-mutumin mata uku da aka kafa don tunawa da su.

Abin da ido zai gani

Da ka sauka daga gadar ka shiga unguwar da ake kira Faransa. Tituna ne miƙaƙƙu masu faɗi, da manyan itatuwan mangwaro da na kwakwa, shiru kamar ba kusa da Abijan ba. Turawa sun raba ta kashi-kashi: wajen ofisoshi, wajen gidajen kwana, wajen kantuna, sai can gabas ƙauyen Nzima inda ƴan ƙasa ke zaune a cunkushe. Rabon da kansa darasi ne, don da ƙafarka za ka auna filin da aka ba mutum ɗaya a wancan gefe da wanda aka ba gida goma a wannan.

Tsohuwar fadar gwamna ita ce ta fi kyan gani, kuma tun 1981 ta zama gidan adana tufafin gargajiya na ƙasar. Ciki akwai saƙar Baule da ta Senufo, da kayan sarakunan Akan, da tufafin ɓawon itace da mutanen daji ke bugawa su sa kafin zuwan auduga, da kayan dodanni, da ƙananan siffofin gidajen ƙabilu daban-daban. Akwai tsofaffin hotuna na zamanin mulkin mallaka, har da na Bature kwance cikin ragaya ƙarti na ɗauke da shi a ka. Bahaushe zai tsaya gaban rigunan arewacin ƙasar ya ga kamar ya san su, don babbar riga da aikin allura sun bi hanyar fatauci ɗaya da goro. Masu yi wa baƙi bayani suna nan a bakin ƙofa, kuma sun cancanci ɗan abin goro.

Mai sha'awar gini ya duba yadda aka yi gidajen. Ba injin sanyi a lokacin, don haka dabara aka yi wa zafi: rufi mai tsawo, baranda ta kewaye gida ta hana rana taɓa bango, tagogi na katako masu tsaga-tsaga da iska ke ratsawa ko an rufe, ɗakunan kwana a sama inda iskar teku ke kaɗawa. Maginanmu na yau da ke dasa akwatin siminti su rufe da kwano a tsakiyar Tawa, da sun zo sun ga wannan da sun ƙaru.

A wajen kantuna ne abin tausayi yake. Gidan Ganamet, wanda aka gina wajen 1920 kuma yake ɗauke da sunan wani attajiri Kwara, bene ne mai ado da ginshiƙai, amma yau saiwoyin itace sun naɗe bangonsa kamar macizai, rufi ya tafi, sama kake gani daga ciki. Shi ne ya fi shan hoto a duk garin, masu aure da mawaƙa na zuwa su tsaya gabansa. Tsohuwar kotu ma ta daɗe a lalace. Iskar teku gishiri gare ta, tana cin ƙarfe tana ɓarke siminti, gyara kuma na son kuɗi masu yawa, ga wasu gidajen na magada ne da suka watsu cikin duniya. A 2012 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin jerin wuraren tarihi na duniya, shekara ɗaya kafin a sa tsohon garin Agadas. Wannan ya hana a rushe a gina otel yadda aka ga dama, amma suna kaɗai ba ya tsayar da bango.

Akwai kuma wurin masu ginin tukwane da kwanonin yumɓu a cikin wani tsohon gidan shaƙatawar Turawa, sannan a bakin hanyar shiga gari daga Abijan rumfunan masu sassaƙa da masu rini da maƙeran tagulla sun yi layi. Ciniki a nan sai da taya. Kuɗin farko da za a faɗa maka na Bature ne.

Wanda ya zo ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba zai tarar da Abisa, bikin sabuwar shekarar Nzima. Ana fito da wani babban tambari mai suna Edongbole, dangogi bakwai na ƙabilar su fito kowanne da alamarsa, jama'a su shafa farar ƙasa a fuska, maza su sa kayan mata, a yi ta rawa kwana da kwanaki a dandalin gaban fadar sarki. Muddin ana bikin ba a zaman makoki. Abin da ya fi jan hankali shi ne a waɗannan kwanaki mawaƙa na da izinin faɗa wa kowa laifinsa a fili, mai kuɗi ne ko mai mulki, har sarki, kuma ba a kama kowa ba a riƙe kowa a zuci. In an gama a yafi juna a shiga sabuwar shekara. Ƴan Zinder za su tuna da wasan kara, inda talaka ke shigar gwamna ya kwaikwaye shi a gabansa. Bikin na da tsafe-tsafensa na gargajiya da ba ruwan baƙo da su. Ana cika sosai, don haka a kula da aljihu.

Batun ciki kuwa, bakin teku cike yake da rumfunan ci da sha. Gasasshen kifi da aceke, wato garin rogo da aka turara, da soyayyar ayaba da suke kira aloko, da ruwan ɗanyar kwakwa da ake sare maka nan take. Sai garba, aceke da soyayyen kifin tuna da yankakken barkono da albasa, abincin talaka da ɗan makaranta a duk faɗin ƙasar. Sunan ba baƙo ba ne a kunnenmu, don ƴan Nijar ne suka yi fice wajen sayar da shi har sunan Garba ya bi abincin. Mai gudun giya ya duba rumfa kafin ya zauna, don da yawansu mashaya ne. Masallatai suna ƙetaren gada, cikin sabon gari inda kasuwa da tasha suke.

Ruwan nan ba tabkin ƙauye ba ne

Wanga shi ne abin da muka fi so iyaye su karanta wa ƴaƴansu a waya. Tekun Basam yana cin mutane. Kusan kowace shekara jaridun Abijan na kawo labarin waɗanda ruwa ya tafi da su a wannan gaɓa, musamman ranakun biki, kuma yawanci matasa ne da suka zo yini ɗaya. Igiyar nan da ta kifar da jiragen Turawa shekara ɗari da suka wuce tana nan ba ta tsufa ba.

Ga yadda abin yake. Ƙasar bakin ruwan gangare gare ta, taku kaɗan sai zurfi. In igiya ta watso ruwa bisa tudu, dole ruwan ya koma, kuma yakan tattaru ya koma ta wata siririyar hanya da gudu kamar kwazazzabo bayan ruwan sama. Daga sama wurin yakan yi kamar ya fi ko'ina kwanciya, shi ya sa baƙo ke zaɓensa. Mutum na tsaye ruwa iya gwiwa, igiya ta buge shi, rairayin ƙarƙashin ƙafarsa ya zare, kafin ya miƙe an ja shi ciki. Wanda ya iya iyo ma in ya ce zai yi kokawa da ruwan ya dawo kai tsaye, gajiya zai yi ya nutse. Masana ruwa na cewa a bi gefe, a yi iyo a layi ɗaya da gaɓa har a fita daga hanyar jan, sannan a juyo. To ina ga yaron da iyakar ruwan da ya sani shi ne gulbin Maradi da damina? Sau da yawa kuma ɗaya ya faɗa, abokinsa ya bi shi ceto, a rasa biyu. A jiƙa ƙafa, a ɗauki hoto fuska na kallon ruwa ba baya ba, a riƙe hannun yara. Mai son wanka ya biya ya shiga kwamin wanka na otel.

Ruwa na yi wa garin barazana ta wata fuskar ma. Tun da aka haƙa mashigar Vridi, yawancin ruwan Komowe ya koma bin tafki yana fita ta Abijan, ƙarfinsa a Basam ya ragu, teku ya tara rairayi ya toshe bakin kogin. An sha buɗewa yana sake toshewa. Kainuwa ta rufe tafki, irin wadda ta addabi masunta a kogin Isa, kifi ya ragu. A Oktoban 2019 kogin ya cika ya rasa mafita, ya shiga gari, har unguwar Faransa sai da kwalekwale. Wata guda bayan haka gwamnati ta ƙaddamar da babban aikin buɗe bakin kogin da kare shi da duwatsu. Ta ɗaya gefen kuma teku na ɗan gutsurar gaɓa, masu otel na tara buhunan rairayi.

Ba za a yi maganar Basam a tsallake ranar Lahadi 13 ga Maris 2016 ba. Da rana tsaka wasu ƴan bindiga uku suka ɓullo ta bakin teku suka buɗe wuta kan masu shan iska a gaban otel-otel. Mutum 19 suka rasu, har da sojoji uku, ƴan ƙasa da baƙi, Musulmi da Kirista. Ƙungiyar Alƙa'ida ta yankin Magrib ta ce ita ta aiko su. A ƙarshen 2022 kotu a Abijan ta yanke wa wasu da aka samu da hannu ɗaurin rai da rai. Mu mutanen Sahel ba sai an yi mana bayanin wannan ciwo ba. Garin ya yi watanni ba baƙi, masu kifi da masu sassaƙa suka sha wuya, sannan a hankali jama'a suka dawo. Tun daga lokacin an ƙara jami'an tsaro a gaɓar, don haka mai zuwa ya riƙe takardunsa a jiki.

Zuwa ba wuya. Daga Treichville akwai tashar da sunanta ma tashar Basam, motoci na tashi duk yini, kuma tun da aka buɗe sabon babban titi a 2015 tafiyar ba ta kai awa ɗaya in hanya a sake take. Mai motar kansa zai biya kuɗin hanya a shingen da aka kafa a 2022. Kuɗin dai sefa ce irin tamu, ba canji. Daga Mayu zuwa Yuli ruwan sama ne kamar da bakin ƙwarya, teku kuma ya fi hauka. Daga Disamba zuwa Maris ya fi daɗin yawo. Wanda ke son ganin tsohon gari a natse ya zo ranar aiki da safe, ya fara da fadar gwamna tun rana ba ta yi zafi ba, ya taka zuwa gidan Ganamet da ƙauyen Nzima, ya ci kifinsa da azahar. In kuwa Lahadi ce, a kama hanyar komawa kafin la'asar, don da yamma duk Abijan ce ke komawa gida lokaci ɗaya, kuma tafiyar awa ɗaya takan zama ta uku.